Asusun zuba jari nawa ya kamata mutum ya riƙe?

Duk wanda ya buɗe manhajar kamfanin zuba jari zai tarar da asusu jere reras, wato inda ake haɗa kuɗin mutane da yawa kamfanin ya juya musu, kowanne da suna mai daɗi, har ya ji kamar ya ɗan saka wani abu a kowanne. Ga mai albashi ko ɗan kasuwa mai tara rara, biyu sun isa.

Asusu ɗaya tak ya dace da wanda kuɗinsa na ko-ta-kwana ne kawai. Biyar ko shida kuwa wahala ce ba riba, musamman ga mai gudun kuɗin ruwa. Asusun hannun jari na halal ba ya sayen bankunan ruwa ko kamfanonin giya, don haka kamfanonin da suka rage masa a kasuwar hannun jari ta Najeriya (NGX) ba su da yawa. Ka jera takardun bayanin irin waɗannan asusu guda uku, za ka ga manyan sunaye irin su Dangote Cement da MTN Nigeria suna ta dawowa. Buhun hatsi ɗaya ne aka zuba maka a ƙwarya uku, kuma ranar da farashi ya karye tare za su karye.

Na farko cikin biyun shi ne asusun sukuk, wato takardun jari marasa ruwa da gwamnati ko kamfani ke sayarwa don tara kuɗin wani aiki. Tun 2017 da Gwamnatin Tarayya ta fara fitar da sukuk na naira biliyan 100 don aikin hanyoyi, irin wannan asusu ya samu abin saye, kuma kamfanonin Lotus Capital da Stanbic IBTC da United Capital duk suna da nasu. Farashinsa ba ya tsalle-tsalle sosai. Nan za ka ajiye kuɗin da za ka nema cikin shekara uku: kuɗin makaranta, haya, kujerar Hajji. Na biyu asusun hannun jari ne, na kuɗin da ba za ka waiwaya ba sai bayan shekara biyar ko fiye. Mai shekara talatin zai iya raba su rabi da rabi. Wanda ya doshi ritaya gara ya sa kashi 70 a sukuk. Sau ɗaya a shekara ka duba, in ɗaya ya rinjayi ɗaya, ka riƙa zuba sabon kuɗi a wanda ya yi ƙasa har su daidaita. Ba sai ka sayar ba.

Na uku, na dala, sai ga mai biyan kuɗin karatu a waje ko mai shigo da kaya, wanda ya ɗanɗana faɗuwar naira daga Yunin 2023. Yawancinsu na ruwa ne, a bincika.

Kafin ka sa hannu, tambayi kuɗin kula da ake cira duk shekara, da kwanakin da dole kuɗi ya zauna. Wasu kwana 90 ne, in ka cire kafin nan a zaftare maka riba.

Abin da ya fi lissafin nan duka muhimmanci shi ne asusun ya zama na gaske. Cikin tsare-tsaren jari na bogi, MMM ta cinye jama'a a 2016, CBEX ta rufe da kuɗin mutane a Afrilun 2025, kuma har gobe ana buɗe sababbi, wasu ma da kalmar halal a sunansu don a yaudari Musulmi. Takardar hukumar rajistar kamfanoni ta CAC ba lasisin karɓar jarin jama'a ba ce. Ka shiga shafin SEC, hukumar da ke kula da kasuwar jari, da kanka ka nemi sunan kamfanin da ke juya kuɗin da na asusun, kada ka yarda da hoton takarda da aka turo ta WhatsApp. Asusun gaskiya yana da amintacce mai sa ido da banki mai ajiyar kadarorinsa, kuma kuɗinka asusun banki mai ɗauke da sunan asusun jarin yake shiga, ba na wani Alhaji ko wakili ba. Ba ya yi maka alkawarin kashi 30 duk wata, ba ya ba ka lada don ka kawo ɗan'uwanka. In an ce sai ka biya wani kuɗi kafin a sakar maka naka, kada ka ƙara ko kwabo, ka kai ƙara SEC da EFCC.