Haɗa Na'urori Da Dama da Lasifika Mai Amfilifaya: Me Ya Kamata a Saya?

Lasifikar da ke ɗauke da amfilifaya (na'urar ƙara ƙarfin sauti) a cikinta tana rage wa mutum kashe kuɗi, sai dai galibi mashigarta ɗaya ce ko biyu, alhali a ɗaki akwai talabijin da kwamfuta da wayar hannu, wani lokaci har da garmaho. Kafin a sayi komai, ya kamata mai saye ya leƙa bayan kowace na'ura ya ga irin mafitar da take da ita, sannan ya yanke shawarar inda zai riƙa ƙara murya da rage ta, domin a ganina a nan ne aka fi yin da-na-sani.

Abu mafi araha shi ne wayar jona sauti mai reshe biyu, kuma shawarata ita ce a guje mata. An yi ta ne domin raba sauti ɗaya zuwa wurare biyu; idan aka juya ta aka haɗa mafitar na'urori biyu, kowace za ta riƙa tura wa 'yar'uwarta lantarki, sautin ya raunana ko ya gurɓata.

Wanda na'urorinsa duka ke da mafitar RCA, mai filogi ja da fari, ƙaramin akwatin zaɓen layi ya ishe shi. Ba ya buƙatar wuta, yana karɓar na'urori uku ko huɗu, kuma da wuya ya lalace. Aibinsa shi ne ba ya daidaita ƙarfin sauti: na'urar CD tana fitar da kimanin bolt 2, wayar hannu kuwa sau da yawa ba ta wuce bolt 1 ba, saboda haka sauyawa daga wannan zuwa waccan kan iya razana mutum. Ya fi kyau a nemi wanda ke da maɓallin murya, musamman idan na lasifikar yana bayanta. Ƙaramar miksa, wato na'urar haɗa sautuka, tana magance wannan bambancin ƙarfi, domin kowace na'ura tana da nata maɓallin, kuma ana iya jin biyu a lokaci guda, amma a ƙirga layukanta na sitiriyo da kyau, tunda yawancin mashigan masu arha na makirufo ne.

Idan talabijin da kwamfuta ne manyan abubuwan da ake sauraro, na fi karkata ga na'urar DAC, wadda ke mayar da sautin dijital zuwa wanda lasifika ke karɓa, muddin tana da USB da mashigar Toslink da kuma rimot. Toslink, wadda kamfanin Toshiba ya fito da ita a 1983, da haske take aika sauti, don haka ba ta ɗauko gurnanin nan mai kaɗawa sau 50 ko 60 a daƙiƙa da ke tasowa idan an haɗa na'urorin da ke jone a soket daban-daban. Akwai sharuɗɗa biyu. Dole a saita talabijin ya fitar da PCM, wato sautin dijital da ba a matse ba, domin yawancin ƙananan DAC ba sa fahimtar tsarin sauti na Dolby Digital, shiru ko hayaniya kawai za a ji. Na biyu, a yawancin talabijin rimot ba ya rage muryar da ke fita ta Toslink, shi ya sa DAC marar rimot zai riƙa tayar da mutum daga kujera. DAC mai mashigar HDMI ARC, wato mashigar HDMI da ke karɓar sauti daga talabijin, ya fi tsada, amma yana bin rimot ɗin talabijin. Bluetooth ya dace da waƙa daga waya, amma a fim jinkirinsa kan sa magana ta saɓa da motsin baki.

Tsohuwar risiba ta hannu, wato na'urar da ta haɗa rediyo da amfilifaya da mashigai da dama, ita ma zaɓi ce, idan tana da mafitar da ke fitar da sauti kafin ya shiga amfilifayarta. Kada a kuskura a jona lasifika mai amfilifaya da mafitar da aka tanada wa lasifika zalla, domin ƙarfin da ke wurin zai iya ƙona mashigarta.

Garmaho kuwa yana da tasa buƙatar. Allurarsa 'yan milibolt kaɗan take fitarwa, kuma sai an gyara sautin bisa ma'aunin RIAA da ake bi wajen yin faifan garmaho, saboda haka idan babu ƙaramar amfilifayar fono mai yin wannan aikin a cikinsa, a sa kuɗinta a lissafi tun farko, a jona ta tsakaninsa da akwatin zaɓen layi.