Na ɗora wa NiFi kaya kafin azumi

Ƙaramin kamfanin da nake yi wa aiki a Accra yana tattara bayanan cinikin da 'yan kasuwa suke karɓa ta kuɗin waya, daga masu shaguna a Nima da Mamobi har zuwa masu rumfa a Makola, kuma manhajar Apache NiFi ce bututun da bayanan suke bi kafin su isa rumbunmu. Hukumar tsaron Amurka ta NSA ce ta ƙirƙiro manhajar, ta sake ta ga jama'a a 2014, kuma tun da da harshen kwamfuta na Java aka rubuta ta, duk wanda ya iya Java zai iya ƙera nasa furosesa, wato ɗan sashen da ke yi wa bayanai wani aiki guda, ya haɗa a jikinta. Nawa furosesan aikinsa daidaita lambobin waya ne, domin wani yakan rubuta tasa da sifili a gaba, wani da 233, lambar ƙasar Ghana, wani kuma ya raba ta gida uku.

A gwajin TestRunner, kayan gwada furosesa na NiFi, komai ya tafi daidai, sai dai shi amsa yake dubawa, ba ya auna nauyi. Da azumi ya ƙarato, lokacin da ciniki yake tashi a zango, sai na sa GenerateFlowFile, furosesan NiFi mai ƙirƙiro fayilolin gwaji, a gaban nawa, na bar shi yana kwararo bayanan bogi. Ban gama kurɓar shayina ba layin jiran fayiloli da ke tsakaninsu ya cika, alamarsa ta koma ja, kwararar ta tsaya cak. Da fari na zaci wani abu ne ya lalace, ashe NiFi ne yake taka birki da kansa idan layi ya kai fayil 10,000 ko gigabait 1. Wannan birkin shi ne abin da na fi yabawa a manhajar. Haka kuma da wuta ta ɗauke mana ana tsakiyar gwajin, kwamfutar tana dawowa NiFi ya ɗora daga inda ya tsaya.

Inda ya gaza mini shi ne wajen gano dalili. Fuskarsa tana nuna abin da ya shiga da abin da ya fita da lokacin da kowane furosesa ya ci cikin minti 5 da suka wuce, don haka nan take na ga nawa ne yake jan ƙafa, amma bai nuna mini wane layi ne a cikin rubutun Java ɗina yake sanadi ba. Abokin aikina ya ce, "Malam, ƙara masa yawan ayyukan da yake yi a lokaci guda mana." Na ƙara, fankar kwamfutar ta hau kuka, saurin bai taka kara ya karya ba.

Sai da na jona VisualVM, manhajar da ke nuna inda Java yake ɓata lokaci, a jikin Java ɗin da NiFi yake gudana a kai, na bar shi yana ɗaukar samfuri, sannan laifin ya fito fili, kuma nawa ne: ina sake gina tsarin tantance lambar waya a cikin onTrigger, sashen da ke gudana duk lokacin da aka taso furosesan ya yi aiki, wato sabo fil ga kowane fayil. Na mayar da shi ƙarƙashin OnScheduled, sashen da ke gudana lokacin da aka kunna furosesan, domin a gina shi sau ɗaya, layin ya fara zubewa a gaban idona.

Gwajin ya kuma cika mini faifai da tarihin da NiFi yake ajiye wa kowane fayil, don haka yanzu na ware wa wannan ma'ajiya faifanta daban kafin in sake buɗe famfon.