Wata uku da babban saksofon, wato bariton

Shekara da shekaru saksofon alto, wato matsakaicin, nake busawa a ƙungiyarmu ta badujala, sai bana Allah Ya hore min na sayi bariton na hannu, ƙirar Yamaha. Gaskiya ranar da aka buɗe akwatin sai da gabana ya faɗi, a hoto ba ka gane girmansa wallahi. In ka tsayar da shi a ƙasa yana kai wa kusan mita 1, nauyi kuma ya haura kilo 5, kuma fa wai a hakan an naɗe shi ne, don can sama kusa da wuya bututun ya yi wata lanƙwasa kamar igiyar da aka ƙudundune, da a miƙe yake ya wuce mita 2. A ƙasan lanƙwasar akwai ɗan maɓalli na zubar da yawun da ke taruwa, kar ka manta da shi, in ba haka ba za ka ji yana ƙurƙur a tsakiyar busa.

Abin da ya burge ni yatsu ba su canza ba. Shi ma ma'aunin sautinsa E-flat ne kamar alto, sautin ne kawai ya nutse ƙasa da oktaf guda, wato matakin sauti takwas, kwana biyu hannuna ya saba. Nawa yana da ƙarin maɓallin A na ƙasa wanda ake dannawa da babban yatsan hagu, in na sauka kansa har a ƙirjina nake jin rugugin, tagar ɗakin ma sai ta amsa. Sai yanzu na fahimci abin da Baba Ani, mai busa bariton, ya riƙa yi a bayan mawaƙi Fela Kuti, shi ne ke riƙe da gindin kiɗan gaba ɗaya.

Amma yana shan iska ba kaɗan ba. Satin farko mintuna 20 na gaji tilis. Igiyar wuya kuwa a ajiye ta gefe, ni sai da wuyana ya sage kafin na nemi ɗamarar kafaɗa mai raba nauyin zuwa baya, don Allah duk mai niyya ya saye ta rana ɗaya da saksofon ɗin. Karan busarsa ma, wato ɗan siririn karan da ake ɗaurawa a bakin da ake busawa, ya fi na alto faɗi da tsada, samunsa sai an aika Legas.

Zuwa atisaye shi ne wahalar da har yau ban gama da ita ba, akwatin ba ya hawa babur, a adaidaita ma kuɗin mutum biyu nake biya. Duk da haka tun da ya shigo gidan nan ban ƙara buɗe akwatin alto ba.