Shagon da na yi firintin ɗin seminata: aikinsu ya yi, amma takardun mutane a buɗe suke

Sati biyu kenan da na gabatar da seminata a kan ɗa'a da ƙa'idojin sana'ar kwamfuta, kuma tun ranar ƴan ajinmu suke ta tambayata wai a ina na yi firintin da bayindin don ya fito tsaf. Toh shagon yana cikin layin nan na bakin ƙaramin get ɗin makarantarmu, amma bazan faɗi sunansa ba, saboda akwai abin da na gani da bai min daɗi ba kuma mai shagon mutumin kirki ne wallahi, bana so in zama silar taɓa masa kasuwa.

Na je musu ne ranar wata Litinin da la'asar, rahotona shafi 32, kofi uku ake so, kuma safiyar Laraba zan tsaya gaban malamai. Abu na farko da ya kwantar min da hankali suna da sola, babu zancen a jira NEPA ko a ce man janareta ya ƙare. Firintarsu tana fitar da rubutu baƙi wuluk, babu wannan layin da ke ratsa tsakiyar takarda. Yaron shagon kafin ya danna komai sai da ya bi shafukan ɗaya bayan ɗaya, shi ya lura teburina guda biyu sun tsallake sun rabu gida biyu kuma lambar shafi ta fara tun daga bango, ya gyara bai ce in ƙara ko sisi ba. Bayindin ɗin ma har yau bai saki ba duk da hannun da ya sha. Kuɗinsu daidai yake da na sauran shagunan layin, kuma suna karɓar tiransifa.

Amma abin da yasa nake ganin girman wurin shine majigi. Mai shagon yana da ɗaya da yake bayarwa haya, da yaji jibi zan gabatar sai yace ƙanwata ki dawo gobe bayan la'asar in kasuwa ta lafa ki gwada a bangon nan, kyauta. Na dawo da ƙawata, ya haɗa mana, ya jawo kujera ya zauna yana saurare kamar shi ne zai bada makin. Silaid 26 na shirya alhali minti goma aka bamu, shi ya fara ce min wannan ba zai shiga ba, kuma rubutun ya yi ƙanana na bayan aji ba zai gani ba. A gabansa na rage suka koma 12.

Da na zo labarin Therac-25 sai da ya dakatar da ni yace in maimaita. Na'urar gashin masu ciwon daji ce da kamfanin AECL na Kanada ya ƙera, tsakanin 1985 da 1987 sau shida aka tabbatar ta zuba wa marasa lafiya hasken da ya ninka abin da likita ya rubuta nesa ba kusa ba, a Amurka da Kanada, wasu suka rasu. Kuskuren a manhajar yake, in mai aiki da ita ya yi saurin gyara abin da ya shigar sai lissafin ya rikice, kuma an cire makaran ƙarfe da ke cikin tsofaffin samfurin an bar wa manhaja ita kaɗai tsaron ran mutum. Sai kuma na Horizon, manhajar Fujitsu da gidan wayar Birtaniya ya yi amfani da ita, tana nuna giɓin kuɗin da babu shi, daga 1999 zuwa 2015 aka hukunta masu riƙe da ƙananan rassa sama da 900, wasu har gidan yari. Mai shagon ya girgiza kai yace wannan ai kamar mai POS ne inji ya ce ya ci kuɗi kuma kowa ya yarda da inji. Wallahi da wannan misalin nasa na yi bayani ranar Laraba kuma nan take ajin ya gane.

Toh yanzu ga inda matsalar take. Kwamfutar da suke karɓar aiki fuskarta waje take kallo, duk wanda ya tsaya a kanta yana gani. Ina tsaye yaron yana neman fayil ɗina a cikin WhatsApp ɗin shagon da ke buɗe a kwamfutar, yana ta wucewa ta kan takardun mutane, silif ɗin NIN, sakamakon jarabawa, hotunan fasfo, sitetimen ɗin banki na wani, har da takardar gwajin asibiti ta wata baiwar Allah da sunanta ɓaro-ɓaro a sama, kuma bayana akwai samari uku suna jiran layi idonsu a kan allon. Gabana ya faɗi sosai, don na tuna nima shekaran jiya na turo musu takardata ta shaidar haihuwa. Fuskar kwamfutar kuma cike take da fayil-fayil na mutane tun na bara, ga burauzar ta adana kalmar sirrin ɗalibai na shiga shafin makaranta, da ka danna wurin sai lambobin rajista su zubo. Filash ɗin ƙawata da aka soka a ciki ya dawo da bairos ɗin nan mai ɓoye folda. Manhajar Microsoft Office ɗinsu ma ba mai lasisi bace, saƙon yana nan a sama kullum.

Wanda ya fi min ciwo dai shine da yaron ya ga taken rahotona yace anti ai akwai irin wannan tofik ɗin da wani ya kawo bara, da kin zo da wuri da suna kawai za mu canza miki. Da zuciya ɗaya ya faɗa, taimako yake ganin zai min, kuma hakan ne ya ƙara tayar min da hankali, wato wahalar da wani ya sha ta wata da watanni tana zaune a kwamfutarsu ana tallarta, kuma nawa ma da na bari haka za a yi da shi.

Abin da na kwana ina haddacewa kenan fa. Kundin ɗa'a na ACM, ƙungiyar masana kwamfuta ta duniya, wanda aka sabunta a 2018, sashe na 1.5 yana maganar girmama wahalar da wani ya sha wajen samar da aiki, 1.6 mutunta sirrin mutane, 1.7 riƙe amanar abin da aka baka a asirce. A nan gida kuma akwai dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a watan Yunin 2023, wadda ta kafa hukumar NDPC, kuma cikin abin da ta tanada akwai cewa kar a riƙe bayanan mutum fiye da lokacin da ake buƙatarsu sannan a tsare su. Mu muna karanta wannan kamar na manyan kamfanoni da bankuna ne kawai, alhali NIN ɗin talaka a irin waɗannan shagunan ya fi yawo.

Ban iya yin shiru ba. Bayan mun gama gwajin na bari ƙawata ta fita, nace Malam don Allah ka yi haƙuri, akwai maganar da nake so in yi kuma ba raini bane. Na faɗa masa duka. Bai ji haushi ba ko kaɗan, yace ƙanwata gaskiya kika faɗa, amma mutanen ne suke dawowa bayan wata shida su ce a sake fitar musu, in kace ka goge su yi fushi su koma shagon gaba. Wannan uzurin na yarda da shi don na san halinmu. Nace toh a riƙa tambayar mutum, wanda yace a ajiye a sa masa a folda mai kulle, wanda bai ce ba a goge a gabansa, a juya allon ya kalli ciki, a hana burauza riƙe kalmar sirri. Zancen lasisi yace kuɗin ya fi ƙarfin shago irin nasa, na ambata masa LibreOffice, manhajar da ke yin irin aikin Office, tunda kyauta ce kuma halak, duk da na san wani lokacin tana ɗan motsa tsarin takardar da aka yi a Word, wanda maganinsa mutane su riƙa kawo PDF. Maganar sayar da aikin ɗalibai kuwa yace bai san yaron yana yi ba, ya kira shi a gabana ya ja masa kunne cikin mutunci.

Ranar Laraba wani malami a cikin masu sauraro ya tambaye ni wace hukuma ce ke rajistar masu sana'ar kwamfuta a Najeriya, nace CPN wadda aka kafa da doka ta 49 ta 1993, sai yace toh ba ni misali ɗaya da kika gani da idonki ba na Turai ba. Na bada labarin allon nan ba tare da na kama suna ba, sai ajin ya yi tsit, bayan an tashi mutum huɗu suka same ni suna tambaya ko shagon da suke zuwa ne, nace su je su duba da kansu ko ma wanne ne.

Jiya na koma fitar wa ƙanina fom. An juya allon, fuskar kwamfutar fes, kuma da ya gama ya goge fayil ɗin ina kallo ba tare da na roƙa ba. WhatsApp ɗin dai har yanzu cike yake da takardun mutane kuma Office ɗin yana nan yadda yake. A wajen aiki da mu'amala na basu huɗu cikin biyar, a wajen riƙe sirri biyu, da ɗaya zan bayar kafin jiya. In za ku je ku tafi da PDF, kar ku soka filash ɗin da kuke ji da shi, ku fita daga shafin makaranta kafin ku tashi, in kun tura ta WhatsApp ku tsaya a goge daga ɓangarensu ma. Majigin kuma ranar da babu cunkoso yake bari a gwada, ku tambaye shi tun kwana biyu kafin ranarku.