Shagon dattijon da ya ceto injin hudata a Wudil

Injin huda ƙarfen da nake aiki da shi a shagona na walda, a wani ƙauye kusa da Gaya, gadon maigidana ne. Ƙirar Ingila ne, ya girme ni. Bana bakinsa mai riƙe tsinken huda ya cinye, tsinken sai rawa yake, ga manoma sun fara kawo garmar shanu gyara kafin ruwa ya sauka. Na sayo sabon baki a kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano, amma tsohon bakin ya ce ba inda za shi. Kwana uku ina bugu da guduma.

Ranar Juma'a, ranar kasuwar Wudil, na ɗora kan injin a mota na kai wa wani dattijo mai gyaran injuna. Da ya ga tabon guduma sai ransa ya ɓaci.

"Yaro, boris kake kashewa, ba tsatsa ba."

Na ce, "Baba, ai na nemi noti ban gani ba."

Ya ce babu noti. Ya nuna mini sunan kamfanin Jacobs a jikin bakin, ya ce ƙarshen sandar injin da bakin ke manne a kai a fiƙe yake, ramin bakin ma haka, matsewa kaɗai ke riƙe su. Ya leƙa ko akwai tsagar da ake zura ƙarfe a turo sandar, wannan ba shi da ita. Sai ya jiƙa wurin da kananzir ya ce in dawo Litinin. Wannan jiran ya yi mini ciwo, aiki na jirana a gida, kuma Baba ba ya ɗaga waya.

Litinin ya ɗauko weji guda 2, wato ƙarafa masu siranta a gaba da kauri a baya, masu baki kamar cokali mai yatsa biyu, shi ya ƙera su da hannunsa. Ya zura su suna fuskantar juna a saman bakin, ya ajiye katako a ƙasa, yana ƙwanƙwasa wannan, ya koma wancan, a hankali. Ko minti 5 ba a yi ba sai ƙwas, bakin ya faɗo.

Abin da ya fi burge ni sa sabon ne. Na miƙa masa baƙin mai, ya ture hannuna, ya goge sandar har ta bushe ƙarau, ya ce mai ne ke sa baki ya zame ana cikin aiki. Ya danna sabon bakin a kan katako, ya kama.

Naira 4,000 ya karɓa. Boris ɗaya yana yin ƙara tun bugun da na yi, ya ce in kawo bayan damina.