Kwana a tsofaffin masaukan bakin teku a Ingila: wanda na zaɓa da inda ake cutar baƙo

A ƙananan ƙauyukan masunta na Ingila ba kasafai ake samun otal ba. Abin da za ka tarar shi ne tsohon gidan nan da Turawa ke kira pub: a ƙasa ana sayar da abinci da abin sha, a sama kuma ga 'yan ɗakunan kwana. Ni ba na shan giya, iyalina ma haka, amma mun sha sauka a irin waɗannan gidaje, don a nan ne za ka buɗe taga bayan sallar asuba ka ga jiragen kamun kifi suna fita. Wanda ransa bai kwanta da kwana a saman mashaya ba, ya nemi gidan haya na hutu, kuma na fahimce shi sarai.

Zaɓina shi ne Ship Inn da ke Mousehole a yankin Cornwall. Mutanen garin "Mauzal" suke cewa, kada ka je kana karanta sunan yadda aka rubuta. Tsakaninsa da Penzance kamar mil 3 ne, kuma a Penzance jirgin ƙasan da ya taso daga tashar Paddington ta Landan yake tsayawa. Akwai ma na dare mai gado. Daga nan sai ka hau bas, ka ratsa ta Newlyn, ɗaya daga cikin manyan tashoshin kamun kifi na Ingila. Shi ya sa kifin wannan yanki ba ya warin firji.

Ginin na dutse ne, yana kallon tashar jiragen ruwa kai tsaye. Idan ruwa ya janye sai ka ga ƙananan jirage sun kwanta a kan yashi, igiyoyinsu a miƙe, yara na wasa a tsakaninsu. Garin tsoho ne, tun a 1595 sojojin Sifaniya suka taɓa ƙona shi. Amma abin da ya kama zuciyata allon tunawa ne da ke jikin bangon masaukin. Ranar 19 ga Disamba 1981, jirgin ceto mai suna Solomon Browne ya fita cikin guguwa don ceton wani jirgin kaya, Union Star. Mutum 8 ne a jirgin ceton, ba wanda ya dawo, kuma cikinsu har da mai kula da wannan gida, Charles Greenhaugh. Har yau, duk ranar 19 ga Disamba ana kashe fitilun Kirsimeti na garin na tsawon awa ɗaya saboda su. Kwana huɗu bayan nan, ranar 23, ake bikin Tom Bawcock, wani masunci da almarar garin ta ce ya cece su daga yunwa, inda ake gasa wani abinci da kawunan kifi ke leƙowa ta saman fulawa. Kafin ka kai hannu ka tambaya, wasu na saka naman alade a irinsa.

Sauran kuwa: Sloop Inn na St Ives yana kirarin ya samo asali tun 1312, amma da rani cinkoson garin sai ka ce ranar kasuwa. Red Lion na Clovelly kyakkyawa ne, sai dai titin ƙauyen gangare ne na duwatsu da mota ba ta bi, bai dace da tsoho mai ciwon gwiwa ba. Bay Hotel na Robin Hood's Bay matattarar masu doguwar tafiyar ƙafa ce. Olde Ship na Seahouses shi ne na biyu a wajena, idan kana son shiga jirgi zuwa tsibiran Farne kallon tsuntsaye.

Yanzu ga inda aka taɓa ƙona ni. A wani gida da ba zan ambaci sunansa ba, na biya ƙarin kuɗi don ɗaki "mai kallon teku". Muka shiga, tagar na kallon wurin ajiye shara. Sai ka zura kai waje ka karkata kafin ka hango ruwa kamar tafin hannu. Ɗakin kuma daidai saman inda ake kiɗa, daren Asabar, jaririyarmu ba ta runtsa ba sai tsakar dare. Tun daga ranar ba na biyan ko sisi sai na buga waya na tambayi lambar ɗakin, me ke ƙarƙashinsa, da wace rana suke kiɗa, sannan su turo min amsar a rubuce.

Abinci ma sai da lura. Kifin da aka soya, sau da yawa da giya ake kwaɓa fulawar jikinsa, don haka ka ce a gasa maka. Baƙin faifan nan na karin kumallo da suke kira black pudding, da jini ake yin sa. Doka ta wajabta musu bayyana nau'ikan abinci 14 da jikin wasu mutane ba ya ɗauka (allergy), amma alade ba ya ciki, sai ka tambaya da bakinka. Ka kuma duba makin tsafta na hukumar abinci, daga 0 zuwa 5, a intanet, domin a Ingila ba dole ne su liƙa shi a ƙofa ba.

Macuta kuwa sun fi kowa sanin waɗannan gidaje na cika da wuri. Suna kwafe hotunan gida na gaskiya su buɗe shafin bogi a Facebook, su sa farashi mai rahusa, su ce ka tura kuɗi ta asusun banki kafin wani ya riga ka. Wasu kuma bayan ka kama ɗaki ta Booking.com, sai saƙo ya shigo da sunan masaukin cewa katinka bai yi aiki ba, ka danna nan ka sake sakawa. Kada ka danna. Ka nemi lambar wayar gidan da kanka ka kira su. Idan da hali ka biya da katin bashi kai tsaye ga masaukin: sashe na 75 na dokar Birtaniya ta 1974 kan saye da bashi yana kare cinikin da ya haura fam 100, har zuwa fam 30,000. Wanda ya tura ta banki da hannunsa, sai ya sha zarya kafin ya ga kuɗinsa.