Kakin guga da na shafawa: wanne ya fi wa allon siki?

Mai gyara allunan siki, na zamiya kan dusar ƙanƙara, a gida yana da hanya biyu ta sa musu kaki. Ta farko ita ce guga. A goge ƙasan allon ya yi fes, a narkar da kakin da dutsen guga mai zafin digiri 120 zuwa 140 ya ɗiɗɗiga, sannan a bi da dutsen daga kai zuwa wutsiya ba tsayawa, don in ya daɗe wuri ɗaya yakan ƙona robar ƙasan. A bar shi ya huce kamar rabin awa, a kankare da makankarin roba, a bi da buroshi. Aiki ne mai cin lokaci, amma zafin ne ke sa kakin ya ratsa robar, shi ya sa yake jure kwanaki ana zamiya.

Na shafawa kuwa minti biyar ya isa. Sai dai a sama yake zama, dusar kan share shi kafin yini ya ƙare, musamman in ta yi tauri.

Ni guga nake yi, na shafawa in sa a aljihu don gudun ko ta kwana. Kafin kowanne dai, a fara wasa ƙarfen da ke gefunan allon, kada garinsa ya maƙale cikin kakin.